Ambulan Rabi

Daren Talata, Zongo

Yau dangin ango suka zo suka kwashe lefen Rabi, 'yar yayata, a kan haruffa biyu kacal. Gwajin sikila ta yi kafin aure. Mutanen labo, wato ɗakin gwajin, suka liƙe sakamakon a ambulan, suka ba ɗan zem, mai babur ɗin haya, ya kai gidan surukai, ba wanda ya zaunar da kowa ya yi masa bayani. Aka karanta wa uwar angon AS, ta ce ba za ta aura wa ɗanta mai ciwo ba.

Na je wurinta da la'asar. Na ce, "Hajiya, wallahi yarinyar nan lafiyarta ƙalau. Ɗanki AA ne, 'ya'yansu ba za su yi sikila ba." Ta ce, "Dokta, da gaskiya ne, ai da sun rubuta a takardar."

Me zan ce mata? Bakina ya gaji a taron ƙungiyarmu ta likitocin cututtukan gado: mu kafa ƙa'ida, kada a miƙa sakamako sai ga mai shi, hannu da hannu, da bayani a harshen da yake ji. In ba don wannan ba, meye amfaninmu? Zaman da ya wuce na ɗaga hannu, shugaba ya ce a bari tukuna, ba a gama zaɓen otal ɗin babban taro ba. Otal!

Rabi ta ƙi cin abinci. Ɗazu ta ce mini, "Inna, ashe ba ni da lafiya, kika ɓoye mini?"

Zaman ƙungiya na ranar Asabar da ita zan tafi. Bari shugaba ya amsa mata da bakinsa.