Haƙoran Alhaji Kafin Bikin Kamila

Malanbil

Zuwa ga Yaya Husaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lahiya, ke da maigida da duk mutanen Kamba. Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

An sa bikin autarmu Kamila bayan Babbar Salla. Abin dariya kuwa Alhaji ne. Mutumin da goro ya rine wa baki tun yana saurayi, wai yanzu kunya yake ji a ɗauke shi hoto da surukai da jan haƙori. Wani abokinsa a layin 'yan albasa ya ba shi labarin wata likitar haƙori a Paraku, gobe zai tahi. Na ce masa a haka na aure shi, ban taɓa kai ƙara ba.

Ƙanwarki,
Bilki

Yaya Husaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki ya yi sauƙi. Alhaji ya dawo, amma ba yadda ya tahi ba.

Likitar ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce akwai wanke dattin goro kawai, akwai maganin da ake shafawa a haska fitila a zama ɗaya, akwai kuma robar da ake aunawa daidai bakin mutum, ya riƙa sa ta a gida da magani. Ta ce kada ya sa ran fari kamar madara, haske dai za su yi, za su yi tsami in ya sha ruwan sanyi, kuma in ya koma wa goro jan zai dawo. Ya zaɓi na fitila yana murna.

Da ta duba bakin, sai ta ga gyambo a gefen harshe. Ya daɗe da shi, yana cewa kaifin haƙori ne. Ta ƙi sa magani, ta tura shi asibiti, aka ɗebi ɗan nama aka aika Kwatano don gwaji. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Bilki

Yaya,

Ina gaisuwa. Sakamakon gwajin ya dawo daga Kwatano.

Ciwon daji ne. Sun ce sai an yanke wani ɓangare na harshen, kuma mai yiwuwa maganarsa ba za ta ƙara fita daidai ba. Na roƙe shi har da kuka a yi aikin yanzu, ya ce sai ya ba da auren ɗiyarsa da bakinsa. Ya hana ni gaya mata.

Ya koma wurin likitar haƙorin, ta wanke masa dattin kawai. Jan bai fita duka ba. Ya tambaye ni ko sun yi haske, na ce ƙwarai.

Yanzu ya rage zuwa kasuwa. Kullum sai ya zaunar da Kamila, ya yi ta ba ta labarin kakanninta, da yadda ya fara haye kogi zuwa Gaya da buhun albasa a ka, da nasihar zaman aure, ko da bakin na yi masa zafi. Jiya ta same ni a madafa tana dariya, ta ce, “Inna, Baba ya cika surutu kwanan nan, ko ke za ki karɓe ni?” Na ce ta koma ta saurara.

Don Allah ki zo kafin biki. Ba zan iya tarbar baƙi ni kaɗai da wannan fuskar ba.

Ki gaida kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Bilki