Khalas ɗin da ba da Rabi ake ba

Hayyin Ashir, Alƙahira.

Zuwa ga ɗana Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Mu nan da sauƙi. Mahaifinku ƙafar ta sake kumbura, amma yana fita tuƙinsa. Ni lafiyata ƙalau in ban da ido. Ƙanwarka Rabi ce ba ta da lafiya, ko da yake ba ciwon asibiti ba ne. Kwana biyar ke nan ba ta ci abin kirki ba.

Na kira ka sau huɗu ban samu ba. An ce kana can wata jiha kuna yi wa sababbin malaman jami'a bita. Shi ya sa na sa wannan a shafin da abokan aikinka ke karantawa. Wanda ya gani, don Allah ya taɓa maka kafaɗa.

Sakamako ya fito. Rabi ta ci komai sai darasi ɗaya, kuma a shafawi ta faɗi, wato jarrabawar baki. Ka san ƙa'idar masu tallafin karatunta: wanda ya faɗi darasi an cire shi. Mahaifinku ya ce in an cire ta, gida Gusau za ta koma, an gama. Shekara ɗaya fa ta rage mata.

Ga yadda abin ya faru. Layi har bakin matakala, malamin kuma sabo ne, bara ya gama karatu. Ya yi mata tambayar farko, ta fara amsawa kanta a sunkuye. Tana tsaka da magana sai ta ji ya ce, “Khalas, yalla.” Wato shi ke nan, a tafi. Ta miƙe, ta yi godiya, ta fito. Amna 'yar Sudan, wadda ke bayanta a layi, ita ta ga komai: wani malami ne ya leƙo ta taga yana yi masa alama da hannu, da shi yake. Rabi ba ta ga taga ba, takalminta take kallo. Shi kuma bai kira ta ba. Ya rubuta cewa ta kasa ƙarasa amsa, ya ce na gaba ya shigo.

Abba, ni na koya mata wannan sunkuyon. Tun tana 'yar shekara huɗu nake ce mata ba a kallon babba cikin ido, kuma in babba ya sallame ki ba kya ce masa me ka ce. Ta riƙe min da kyau. Da shi ta faɗi.

Shekaranjiya muka je makarantar. Sojoji a kan hanya, motar haya ta zagaya da mu nesa, ofis kuma yanzu da wuri ake rufewa saboda dokar hana fita. Aka ce mu cike takardar tazallum. Da na ji kalmar raina ya ɗan kwanta, don na ji zalunci a cikinta, na ce ashe sun san ana yi. Sai matar da ke tagar ofis ta yi mana bayani: tazallum lissafin makin da ke takarda kawai ake sakewa. Na ce ai ta baki ce, babu takarda. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ma'alish, wato sai haƙuri. Da ta ga na ƙi matsawa, ta rage murya ta ce a rubuta wa shugaban sashe roƙo, da Larabci mai kyau, kafin azahar ɗin Alhamis. Bayan nan an rufe.

Ka tuna lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gusau, ina da shekara arba'in da ɗaya? Kai ke feƙe min fensir kana dariya. Ranar gwajin farko na rubuta “bata” a maimakon “ɓata”. Malama Hauwa ba ta ja min jan biro ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ce, “Sake faɗa in ji.” Na faɗa, ta ga bakina ya san kalmar, hannuna ne bai sani ba. Na taɓa tambayarta wa ya koya mata haka. Ta ce kafin a ba su aji sai da aka zauna a bayansu wata da watanni ana kallon yadda suke yi.

Kai kuma ka taɓa ce min a jami'a, a nan da can gida, digiri ake dubawa a ba mutum aji, ba wanda ke koya masa yadda ake gwada ɗalibi. A lokacin ban ɗauke shi komai ba. Ban ce malamin Rabi mugu ne ba, sa'anka ne, an tura masa layi an rufe ƙofa. Amma tun da yanzu ku ke koya wa irinsu, ka faɗa musu daga bakin Innarka: a zauna mutum biyu a shafawi, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutawa. Wanda zai sallami ɗalibi ya kira sunansa. In yarinya ta tashi ba a gama ba, a ce mata dawo. Kalma ɗaya ce.

Ɗana, kai ka yi karatu a garin nan, ka san irin lafazin da suke saurara. Rabi in ta ɗauki biro kuka take. Nawa Larabcin na kasuwa ne. Ka rubuto mana roƙon, ka sa cewa Amna ta yarda ta ba da shaida. Ba maki muke roƙo ba, a sake yi mata tambayar kawai. Ya iso mu kafin magaribar Laraba, don a samu bugawa.

Ranar Alhamis tare za mu shiga wurin shugaban sashen. Na ce mata ta ɗago kai. Ta ce ba za ta iya ba. Na ce to ta kalle ni, ni zan fara. Tun jiya nake gwadawa a kan mai sayar da burodi, har ya tambaye ni ko lafiya.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa kada ɗan wani ya fita ɗakinka bai gama magana ba.

Innarka, da hannunta.