Faɗana Ba Ya Cikin Gado

Ni ubanku na rubuta wannan da hannuna, da hankalina cikakke, ba zazzaɓi ke magana ba. Huhuna ne ya gaji, kaina garau yake. Tarin da ya sa aka keɓe ni a wannan ɗaki na asibiti ya ƙi jin magani. Likita yana ta kewaye-kewaye, ni kuwa na iya karanta fuska. Ba na tsoro, na san wurin wanda za ni. Kai Tartsatsi, da ke Auta, mamanku za ta karanta muku, in kun girma ku karanta da kanku.

Na ɗaya. Injin walda da duk kayan shago na Tartsatsi ne. Baffanku zai riƙe su har ka iya ɗaga guduma ba ka fasa ƙafarka ba. E, baffanku, yayana, wanda kuka sha jin ina kira Sarkin Tsarki. Maman yara, kada ki zaro ido, da gangan na rubuta.

Na biyu. Ƙofar maƙwabciyarmu mai kitso tana jingine a bayan shago, saura fenti. Abokin aikina ya gama ta ya kai mata. Ba zan tsaya gaban Ubangiji da aikin mutane rabi ba.

Na uku. Maganar Allah, wato Littafi Mai Tsarki, da ke ƙarƙashin matashina ta Auta ce. Ba wanda ya zaunar da ni a aji, a bakin shago na yi ta haɗa baƙaƙe har suka zama magana. Za ki ga layukan jan biro. Waɗannan na ja su ne don in jefi mutane, yawancinsu baffanku, tun ranar da ya hana ni yin karatu a gaban ikilisiya a cocinmu, wai ina karatu kamar mai neman rigima. Na fensir kuwa a nan na ja su. Da su za ki fara.

Ga abin da ya sa. Da aka rufe ni na ce madalla, na huta da mutane, tunda su ke tayar mini da rai. Ashe ƙarya nake wa kaina. Ba kowa a ɗakin, amma na yi faɗa da fanka, na zagi famfo don yana ɗiga, na yi ta kayar da baffanku a muhawara alhali yana gidansa yana cin abinci. Sai na gane wutar fushin nan tawa ce, da ita na shigo. Na durƙusa a kan siminti na ce wa Yesu na gaji da ɗaukarta. Bai kashe ta rana ɗaya ba. Takan taso har yanzu, sai in ambaci sunan wanda nake shirin zagi, in yi masa addu'a da ƙarfi har bakina ya saba. Jiya mai jinya ta huda ni ba ta sami jijiya ba, ta sake hudawa, na ce mata sannu da aiki. Ku tambayi mamanku ko wannan ba mu'ujiza ba ce.

Na huɗu, kuma shi ne babba. Faɗana ba ya cikin gado. Kowace Lahadi baffanku yakan tsaya a rana bayan gilashin taga, ba ya ji na, ba na jin sa, ya ɗora tafinsa a kan gilashin ya tafi. Maganar karatun nan har gobe ina ganin ni ke da gaskiya, amma na ajiye ta, ba na bukatarta inda za ni. Tartsatsi, bakina ka ɗauko, na ji yadda kake amsa wa 'ya'yan baffanka. Ranar jana'izata kusa da shi za ka zauna, ka gaishe shi, ka ci abinci a kwanonsu. Duk wanda ya zo yana zuga ka da abin da aka yi wa ubanka, ka ce masa ubanka ya rufe maganar da hannunsa.

Ubangiji ya sa muku albarka, ya tsare harshenku, ya ba mamanku ƙarfi. Ku riƙe juna, ku riƙe gidan baffanku, gida ɗaya ne. Na sha wuya kafin na kashe wannan wuta, kada wani cikinku ya hura ta da sunana.