Katuna Tamanin da Bakwai

Auta,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan aikin koyarwa da sauƙi. Katunan Sinancin da ka turo mini a waya sun iso, Allah ya yi albarka. Amma gara ka ji daga bakina: na yi musu aski.

An sauke sababbin injuna a masaƙarmu, allonsu duk Sinanci. Manaja ya ce ranar ashirin ga wata injiniyan kamfanin zai gwada mu, wanda ya kasa karanta allon a mayar da shi ɗakin naɗe yadi. Shekara ashirin da biyu ina kan inji, ba zan ƙare a naɗe yadi ba.

Na buɗe katunanka dubu biyu, sai ga tuffa, ga jirgin sama, ga "yayata tana da kyanwa". Yaushe na ajiye kyanwa? Na share su. Na ɗauki hoton duk rubutun da allon yake nunawa, na haɗa katuna tamanin da bakwai. Na cire muryar da take furta kalma, tunda inji ba ya magana.

Yayarka.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na karanta wasiƙarki har sau biyu, raina bai so ba. Shekara shida ina koyar da harshen nan, ban taɓa ganin wanda ya koye shi da ido kaɗai ba. Idan injiniyan ya gaishe ki, me za ki ce?

Don Allah ko kin share kalmomi, kada ki taɓa tsarin bita. Manhajar katunan ta san aikinta: katin da kika iya takan nisanta shi, wanda kika manta ta dawo da shi kusa. Masana ne suka tsara haka. Ki ba ni izini in sake turo na farko.

Ƙaninki mai biyayya.

*

Malam Auta,

Ina amsa gaisuwa. Biyayyar ce dai ban gani ba.

Tsarin bitar ma na riga na taɓa shi. Manhajarka ta ga na ci katunan gargaɗi sau uku, sai ta ce mu haɗu bayan wata guda. Wata guda! Na ware guda goma sha ɗaya, masu fitowa da ja a allo, na sa su zo mini kullum ko na iya ko ban iya ba. Na kuma ba kowane kati daƙiƙa uku, domin iyakar abin da inji yake ba mutum ke nan kafin zare ya cukurkuɗe. A bakin injin nake bita lokacin hutu, cikin ƙara, a tsaye.

Kana aji uku lokacin da tsohon inji ya cinye mini kan yatsa, kai ka riƙa ɗaura mini igiyar takalmi. Ran nan ma akwai gargaɗi a jikin murfin injin, na san shi sarai, jinkirin ganewa kawai na yi. Masananka yatsunsu goma cif.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma kada ka turo komai.

Yayarka.

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, yau aka yi gwajin.

Maganarka ta tabbata. Mutumin ya gaishe ni, na tsaya ƙiƙam ina kallonsa, abokan aiki suka yi ta dariya. Na ji kunya ƙwarai.

Sai ya ce in kunna inji. Injin yana cikin gudu, mutumin ya zagaya baya ya sassauta murfi da gangan, bai gaya wa kowa ba. Jan rubutu ya fito, kati na huɗu cikin sha ɗayan nan. Kafin tafintansa ya ɗaga kai ya dubi allon, na kashe injin. Injiniyan ya dubi hannuna na hagu mai guntun yatsa, ya yi doguwar magana. Tafinta ya ce wai kada a kuskura a ɗaga ni daga nan.

Jibi zai tafi, kuma ban iya ce masa komai ba. Ka turo mini kati ɗaya, na "na gode", da muryar da take furta shi. Ɗaya na ce. Ka riƙe kyanwarka.

Yayarka, mai inji na shida.