Ƙazafin da Aka Goge Sau Uku

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Hukumar Sa Ido kan Cibiyoyin Adana Bayanai

Daga:
Direban motar 'yan makaranta, wanda aka fi sani da Sannu-Sannu

9 ga Yuni, 2025

Game da: Ƙorafi a kan Manajan Ajiya na cibiyar da ke riƙe da bayanan lasisin direbobi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana. Shekara goma sha tara ina jan motar 'yan makaranta, ko kaza ban taɓa takawa ba, shi ya sa abokan aiki suka laƙaba mini sunan da ke sama. Barasa kuwa ban san ɗanɗanonta ba.

1. A ranar 3 ga Fabrairu, 2021, an yi mana gwajin jini na shekara. Aka musanya kwalbata da ta wani, aka rubuta a ƙarƙashin lambar lasisina cewa an sami barasa a jinina. Aka sallame ni a ranar. A ranar 17 ga Agusta kwamitin bincike ya wanke ni, ya umarci cibiyar ta goge wannan layi. Manajan Ajiya ya aiko mini da takardar shaidar gogewa, da hatimi da sa hannunsa mai lanƙwasa. Har firam na yi mata.

2. A ranar 6 ga Mayu, 2022, na'urorin sanyaya cibiyar suka tsaya, wasu faya-fayai suka lalace. Aka ɗauko tsohon kwafi aka mayar da bayanai, layin da aka binne ya taso da ransa. Makaranta ta biyu da ta ɗauke ni ta duba, ta gani. An karɓe mini makulli a bakin ƙofa, a gaban iyayen da suka kawo 'ya'yansu. Wata uku ina sintiri kafin a sake gogewa, aka ba ni takarda ta biyu.

3. A ranar 11 ga Nuwamba, 2023, cibiyar ta kwashe bayanai zuwa sababbin na'urori, aka kwafo daga reshenta na wani gari. Layin ya sake dawowa, makaranta ta uku ta kore ni. A wannan karon mahaifina, wanda ya tsaya mini a karo na farko da na biyu, ya ce abin da ya faru sau uku ya wuce kuskuren na'ura. Ya daina shiga motata, ko asibiti sai dai ƙanena ya kai shi. Ya rasu ranar 2 ga Disamba. Takardar gogewa ta uku ta iso ranar 11 ga wata. Ranka ya daɗe, na karanta ta a ɗakinsa, a kan gadon da babu kowa, kuma ba zan ɓoye maka ba, tun daga ranar na tsani mutumin da ya sa mata hannu.

4. A ranar 20 ga Maris, 2025, bayan wasiƙu bakwai, aka ba ni izinin shiga cibiyar. An sa mini leda a takalmi, aka ratsa da ni wani dogon ɗaki mai sanyi, kabad-kabad na ƙarfe a jere, fitilu kore suna ƙiftawa, ƙarar fanka ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Manajan ya yi mini bayani da alfahari cewa kowane bayani yana da kwafi uku: ɗaya a nan, ɗaya a reshensu, ɗaya a kaset cikin ɗakin ƙarfe, inda yake shekara goma. Ya ce ba a cire layi ɗaya daga kaset. Ya ƙara da cewa tun da ya kama aiki ko harafi ɗaya bai taɓa ɓacewa a hannunsa ba. Na ce masa ni shaida ne. Ya yi dariya, ya ɗauka yabo ne.

5. A hanyar fita, wata injiniya da ta raka ni, wadda ba zan ambata ba don kada a taɓa mata abinci, ta faɗa mini abin da shi ya ɓoye. Akwai jerin lambobin lasisi da suke kira jerin gogaggu. Duk lokacin da aka mayar da tsohon kwafi, ana bin wannan jeri a sake goge abin da aka taɓa gogewa. Shigar da lamba cikinsa aikin minti biyu ne, kuma alhakin Manajan Ajiya ne shi kaɗai. Lambata ba ta ciki. Sau uku yana buga mini hatimi, bai taɓa buɗe jerin ba.

6. Yanzu wata makaranta ta yarda ta ɗauke ni, za ta duba bayanan lasisina ranar 1 ga Yuli. Cibiyar kuma ta sanar da cewa ranar 28 ga Yuni za ta yi gwajin mayar da bayanai daga kaset. Shekaruna hamsin da huɗu. In aka kore ni karo na huɗu, babu mai sake ba ni makulli.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Hukuma:

Na farko, a shigar da lambata cikin jerin gogaggu kafin 28 ga Yuni, ina tsaye ina gani. Takarda mai hatimi kada a ƙara aiko mini, ina da uku, sun ishe ni.

Na biyu, a tuhumi Manajan Ajiya a kan sa hannu a shaidar ƙarya sau uku. In an karɓe masa katin shiga, ina roƙon a yi a bakin ƙofa, da safe, lokacin da ma'aikata ke shigowa.

Na uku, kada a ce ya zo ya ba ni haƙuri. Wanda ya kamata ya ji wannan haƙuri yana kwance a maƙabarta. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Na huɗu, wanda shi ne babban roƙona: a sanya wannan ƙorafi, da duk abin da bincike ya tabbatar, a cikin fayil ɗinsa na aiki, a kuma adana fayil ɗin a cibiyar da yake alfahari da ita. Ɗaya a ɗakin nan mai sanyi, ɗaya a reshe, ɗaya a kaset. Ban nemi a ƙara masa ko kalma ɗaya ta ƙarya ba, gaskiyar ma ta ishe shi. Duk inda ya je neman aiki a duba, a gani. In wata rana ya nemi a goge, a ba shi takarda mai kyau, da hatimi.

Na haɗo kwafin takardun gogewa uku da takardar shaidar rasuwar mahaifina. Ina roƙon a duba kwanakin.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Sannu-Sannu, direba