Yaya a Tsohuwar Waya

Zuwa ga ɗan ƙanena,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Maƙwabcina mai shagon magani ke rubuta mini, kuma na hana shi tausasa magana.

An buɗe mini shafin intanet na shagon ɗinkinmu a tsohuwar wayata. Sai ga hoton marigayiya Yaya a kan kekenta na ɗinki, a ƙasa an rubuta ita ta kafa shagon. Ban gama kallonta ba ta ɓace, ubanka ya fito da tabarau, wai shi ya kafa. Aka sake buɗewa, haka dai. Ni na ɗauko keken nan a kaina ranar buɗe shago, lokacin ubanka ko zare bai iya zurawa ba. Wa ke korar ta?

Ka huta lafiya.
Baffanka

Baffa,

Ina gaisuwa da ladabi. Ba wanda ya kori Goggo. Wanda ya gina shafin tun da can ya tafi da mabuɗinsa, ba na iya taɓa ainihin rubutun. Sai na ƙara ɗan umarni: da shafi ya buɗe, ya nemo gurbin hotonta, ya cire, ya sa na Baba. Masu ciniki Baba suka sani. A waya mai sauri ba a ganin sauyin, taka ce ke jan ƙafa. Ga sabuwa na aiko. A bar tone-tone, Baffa, kai kaɗai ka rage da wannan labarin.

Allah ya ƙara lafiya.
Ɗanka

Kai,

Na gaishe ka don dole. Ashe kullum sai ta zauna tukuna ka zo ka tashe ta. Ubanka ma tana jinya ya tura kekenta bayan labule, ya kafa teburinsa a wurin. Shi dai sau ɗaya ya yi. Kai kuwa duk wanda ya buɗe shafin, sai ka sake. Cire abin nan.

Baffanka

Baffa,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri, ba zan cire ba.

Ɗanka

Ɗan ƙanena,

Gaisuwa. Ga wayarka nan a kwalinta, ban kunna ba. Mai magani ya nuna mini lungun ɗakina da sabis ya fi rauni. Can na mayar da kujerata. Jiya har na ƙare mata kallo kafin ubanka ya iso.

Ka gaida iyali.
Baffanka