Abin da Ɓeraye Suka Koya Mini a Kanki

Zuwa ga Marrit, hantsina mai ɗumi, furen bakin ruwana, wadda ƙamshin burodi ke shigowa ɗaki kafin ita!

Yau kwana tara ke nan da kika kwashe kayanki zuwa gidan yayarki a birnin Leeuwarden, gidan nan ya zama kamar gona bayan girbi. Hatta kekenki da ke jingine a ƙofa hararata yake yi. Maganarki ta ƙarshe kuwa har yanzu tana kunnena, ranar da kika dawo daga aikin dare a gidan burodi, fulawa a girarki, kika tarar na wangale taga, na shanya bargo, na kashe hitar ɗumama ɗaki, kika ce mini wai miji za ki aura ko firji. Na yi dariya. Kaico, ashe ba ta dariya ba ce!

Haka mahaifiyata ta rene ni, gari na wayewa a buɗe taga ɗaki ya sha iska, ko da ƙanƙara ake zubawa. Ban taɓa tambayar wa zai kwanta a ciki ba.

Shekara bakwai ina kula da ɓerayen ɗakin bincikenmu. Muna sa su a wani dogon kwararo, nan sanyi, can ɗumi, mu bar su su zaɓa. Da dare jikinsu kan ɗau zafi, sai su yi ta tsalle-tsalle a ɓangaren sanyi. Da asuba jikin ya huce, sai ki ga kowa ya lallaɓa can wajen ɗumi ya dunƙule ya yi barci. Da hannuna nake rubuta wannan kullum! Shekaranjiya ina kallon wata 'yar fara a cikinsu tana jan jiki zuwa ɗumi, ido rabi a rufe, sai na ga tafiyarki sak, yadda kike hawo bene ƙarfe bakwai na safe. Wane irin mutum ne zai san sirrin ɓera ya jahilci na masoyiyarsa? Ni ne, Marrit, kuma na ji kunya, na kuma yi kewarki har aikin ya gagare ni.

Ki dawo, ya kurciyar zuciyata. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Taga ba za ta ƙara buɗuwa ba sai kin farka. Na roƙi shugabarmu, ta gama yi mini dariya sannan ta yarda in riƙa zuwa aiki ƙarfe tara. Tun Litinin nake koyon kwanciya a gefenki na gado, ba na motsawa sai bakwai ta buga, don in kin shigo in mirgina kawai in bar miki wurin da ɗuminsa. Kwana huɗu ina ɗumama shi, babu mai kwanciya. Jirgin ƙasa na Asabar yana isowa da safe, ki biyo shi, kar ki bari in yi na biyar da na shida a banza.

Naki, rani da damina, har ƙarshen numfashi,
Hidde